Jagorar Nazarin Tagwayen Taurari Masu Gajeren Zagaye ta Hanyar Auna Haskensu

Da yawa daga cikin taurarin da ido ke gani a matsayin ɗigon haske guda, a haƙiƙa biyu ne da ke zagaya juna, sai dai kusancinsu da kuma nisansu daga gare mu sun sa madubin hangen nesa na yau da kullum ba ya iya raba su. Idan hanyar zagayensu ta yi daidai da inda muke kallo, sai ɗaya ya riƙa gittawa ta gaban ɗan'uwansa yana tare haskensa, shi ya sa ake kiran su tagwaye masu yi wa juna kusufi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Algol, wanda sunansa ya samo asali daga Larabci, Ra'asul Ghul. A shekarar 1783 wani matashi ɗan Ingila, John Goodricke, yana da shekara 18, ya nuna cewa haskensa yana dushewa duk bayan kwana 2.87, ya kuma kawo shawarar cewa wani abu ne ke zagaya shi yana tare shi. Sai a 1889 Hermann Carl Vogel ya tabbatar da hakan a Jamus ta hanyar rarraba hasken tauraron.

Wannan jagora ta shafi waɗanda zagayensu bai kai kwana ɗaya ba. A ganina su ne mafi dacewa ga mai fara aiki da ƙaramin madubi, domin a dare guda ana iya ganin kusufi daga farkonsa har ƙarshensa, wani lokacin ma zagayen gaba ɗaya. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, irin wannan tauraro agogo ne, kuma mafi darajar abin da mai nazari zai samo daga gare shi shi ne sahihin lokacin da kusufi ya kai tsakiyarsa.

Mataki na farko: sanin siffar da ake nema

Idan aka jera ma'aunin hasken tauraro bisa lokaci, abin da ke fitowa shi ne zanen sauyin haske, kuma masana sun kasa shi gida uku. A ajin EA, wato dangin Algol, haske yana tsayawa kusan daram, sai ya faɗi na ɗan lokaci ya dawo. A ajin EB, dangin Beta Lyrae, hasken ba ya tsayawa ko kaɗan, kuma kusufi ɗaya ya fi ɗayan zurfi ƙwarai. Aji na uku, EW, shi ne dangin W Ursae Majoris, kuma a nan ne akasarin masu gajeren zagaye suke: zagayensu yakan kasance tsakanin kusan kwana 0.22 zuwa kwana ɗaya, hasken yana hawa da sauka babu tsayawa, kusufin biyu kuma zurfinsu kusan ɗaya ne.

Dalilin wannan siffa yana cikin kusancinsu. Da dokar Kepler ta uku za a iya lissafa cewa tagwayen da jimillar nauyinsu ta kai na rana ɗaya da rabi, kuma suke kammala zagaye cikin awa 8, tazarar da ke tsakanin cibiyoyinsu kimanin kilomita miliyan 1.6 ce kawai, wato kusan ninki 2.3 na rabin faɗin rana. A irin wannan matsi kowannensu yana cika iyakar da ƙarfin janyowarsa ke iya riƙewa, wadda ake kira iyakar Roche, sai su haɗe kamar ɗigon ruwa biyu da suka taɓa juna. Leon Lucy ne ya yi bayani a 1968 cewa suna zama cikin lulluɓin iskar gas guda ɗaya, wanda ke rarraba zafi tsakaninsu, shi ya sa zafin fuskokinsu ke zuwa kusan ɗaya ko da kuwa ɗaya ya ninka ɗan'uwansa nauyi. Saboda ba su da siffar ƙwallo, faɗin da suke nuna mana yana sauyawa a kowane lokaci, hasken ma haka.

Ana auna hasken da ma'aunin magnitud, wanda ke tafiya a juye: ƙaruwar lamba na nufin raguwar haske. Bambancin magnitud 5 daidai yake da ninki 100, bambancin 0.75 kuma yana nufin hasken ya ragu da rabi. W Ursae Majoris yana sauyawa daga kusan 7.75 zuwa 8.48, ke nan a tsakiyar kusufi kusan rabin haskensa ne ke ɓacewa.

Mataki na biyu: zaɓen tauraro da lissafin lokacinsa

Kundin taurari masu sauyin haske na VSX, na ƙungiyar masu nazarin irin waɗannan taurari ta AAVSO, wadda aka kafa a Amurka a 1911, shi ne wuri mafi sauƙi na farawa. A nemi tauraron ajin EW mai zurfin kusufi da bai gaza magnitud 0.4 ba, mai haske tsakanin magnitud 9 da 12, wanda zai kasance sama da digiri 30 daga sararin ƙasa a tsawon lokacin aikin, kuma yana da maƙwabta masu haske kusa da nasa a cikin filin hoto ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya sa taurari masu tsananin haske ba su da daɗin farawa da su, domin da wuya a samu abin kwatanta su a kusa.

Kundin zai ba da lambobi biyu: T0, wato lokacin wani kusufi da aka taɓa aunawa, da P, tsawon zagaye a ma'aunin kwana. Lokacin kowane kusufi na gaba yana fitowa daga T = T0 + P × E, inda E ke nufin adadin zagayen da aka yi tun daga T0. Idan aka ƙara rabi a kan E, sai a samu lokacin kusufi na biyu. Kada a amince wa wannan hasashe ɗari bisa ɗari, musamman idan T0 ya tsufa. Tauraro mai zagayen awa 8 yana yin zagaye kusan 1,095 a shekara, saboda haka kuskuren sakan ɗaya tak a P yana taruwa ya zama fiye da minti 18 a shekara guda. Don haka a fara ɗaukar hoto aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin da aka hasasa.

Mataki na uku: kayan aiki da hotunan gyara

Madubi mai faɗin santimita 10 zuwa 20, da kyamarar CCD ko CMOS, da mazauni mai bin juyawar sama sun wadatar. Ana so a yi amfani da matacin haske, wato gilashin da ke barin wani launi kaɗai ya wuce, kuma wanda aka fi sani shi ne V na tsarin Johnson, domin da shi ne za a iya haɗa sakamako da na sauran masu nazari. Wanda ba shi da mataci zai iya auna lokacin kusufi, amma zurfin da ya samu ba zai kwatantu da na kowa ba.

Hoto ɗanye yana ɗauke da lahanin kyamara da na madubi, kuma ana cire su da hotunan gyara iri uku. Hoton sifili ana ɗaukarsa a rufe da mafi gajeren lokaci. Hoton duhu shi ma a rufe ake ɗauka, amma da tsawon lokaci da kuma zafin kyamara irin na hotunan tauraron. Hoton shimfiɗa kuwa na fili ne mai haske bai ɗaya, kamar sararin sama jim kaɗan bayan faɗuwar rana, kuma shi ke gyara inuwar ƙura da duhun gefen hoto. A ɗauki 20 ko fiye na kowane iri a haɗa su, sannan kada a juya kyamara ko a sauya mataci tsakanin hoton shimfiɗa da aikin daren.

Mataki na huɗu: agogo

A nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin kuskuren haske yakan nuna kansa a zane, amma kuskuren lokaci ba ya barin alama. Zanen da aka ɗauka da agogon da ya makara da minti 3 zai fito sumul, ya yi kyawun gani, alhali lambar da aka ciro daga gare shi ba ta da amfani.

Da farko a daidaita agogon kwamfuta da intanet ko da na'urar GPS kafin a fara, a kuma tabbatar cewa lokacin da ake rubutawa a kan hotunan lokacin duniya ne na UTC, ba na yankin da ake zaune ba. Na biyu, a buɗe bayanan da ke manne da fayil ɗin FITS, wato tsarin da ake adana hotunan falaki da shi, a duba ko lokacin da aka rubuta na fara ɗaukar hoton ne ko na tsakiyarsa. Wanda ake buƙata shi ne na tsakiya, don haka idan hoton na sakan 90 ne kuma an rubuta lokacin farawa, dole a ƙara sakan 45. Na uku, a mayar da lokacin zuwa ƙidayar Juliyan, wato JD, wadda ke lissafa kwanaki a jere, tare da tuna cewa kwananta yana farawa ne da tsakar rana ba da tsakar dare ba.

Saura gyara mafi muhimmanci. Haske yana ɗaukar kimanin minti 8.3 kafin ya iso duniya daga rana, saboda haka yayin da duniya ke zagaya rana, wani lokaci tana matsawa kusa da tauraron, wani lokaci tana nisanta. Kusufin tauraron da ke kusa da hanyar rana a sama zai iya bayyana da wuri ko a makare da fiye da minti 8, kuma tsakanin ma'auni biyu da wata shida ya raba bambancin zai iya haura minti 16. Ana kawar da wannan ta hanyar lissafa lokacin kamar an tsaya a cibiyar rana, wato HJD, ko a cibiyar nauyin dukan tsarin rana, wato BJD. Bambancin cibiyoyin biyu sakan kaɗan ne, amma BJD galibi yana tafiya da wani ma'aunin lokaci na masana falaki da ake kira TDB, wanda tun 2017 yake gaban UTC da kusan sakan 69. Duk wanda ya gauraya su ba tare da lura ba ya ƙirƙiro wa tauraron tsallen minti ɗaya da babu shi.

Labarin wasu tagwayen taurari da ake kira KIC 9832227 ya isa misali. A 2017 wasu masana suka sanar da cewa zagayen waɗannan tagwaye yana raguwa da sauri har za su haɗe su yi fashewar da ido zai gani a wajajen 2022. A 2018 wata tawaga ta sake bin tsofaffin bayanan, ta gano cewa lokacin wani kusufi na 1999 da hasashen ya dogara da shi ya kauce da awa 12 saboda kuskuren rubutu. Da aka gyara lambar, hasashen ya rushe, masu shi kuma suka amince da gyaran.

Mataki na biyar: daren aiki

A zaɓi tsawon ɗaukar hoto yadda tauraron zai fito sosai ba tare da fiksel ɗinsa, wato ƙananan ɗigogin kyamara masu karɓar haske, sun cika sun tumbatsa ba, kuma a yi gwajin da la'akari da lokacin da zai fi haske da kuma lokacin da zai fi tsayi a sama. Sakan 30 zuwa 120 yakan yi daidai. Ba laifi ba ne a ɗan sassauta saitin madubi domin hasken ya bazu a kan fiksel da dama, hasali ma hakan yana inganta awo. Da zarar an fara kada a sauya tsawon ɗauka, kuma a yi ƙoƙari gefen saukar haske da gefen hawansa su samu tsawon lokaci daidai. A rubuta duk abin da ya faru, kamar gittawar gajimare ko juya madubi, tare da lokacinsa.

Mataki na shida: ciro haske daga hotuna

Manhajoji irin su AstroImageJ da MuniWin suna yin wannan aiki. Ana zana da'ira a kan tauraron domin tara haskensa, da zobe a kewaye domin auna hasken sararin sama a cire shi. Rabin faɗin da'irar yakan kasance ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin ɗigon tauraron, kuma dole a duba kada wani ƙaramin tauraro ya faɗo cikin zoben.

Ba a auna tauraron shi kaɗai, ana kwatanta shi ne da tauraron awo mai tsayayyen haske da ke cikin hoto ɗaya, domin duk abin da iska ko siririn gajimare ya yi wa ɗaya ya yi wa ɗayan. Bambancin yana fitowa daga Δm = −2.5 × log(F1/F2), inda F1 da F2 suke nufin hasken taurarin biyu. Ana so launin tauraron awo ya yi kusa da na wanda ake nazari, saboda iska ta fi rage shuɗin haske a kan ja idan tauraro ya yi ƙasa. Sai a ɗauki na uku a matsayin tauraron shaida, a kwatanta shi da na awo. Layinsu ya kamata ya miƙe, kuma warwatsuwar ɗigoginsa ita ce gaskiyar ingancin aikin daren. Idan ta tsaya a kan magnitud 0.01 ko ƙasa da haka, aiki ya yi kyau. Idan kuwa layin ya lanƙwashe, to ko dai ɗaya daga cikinsu ba tsayayye ba ne, ko kuma akwai matsala a hoton shimfiɗa.

Mataki na bakwai: tsakiyar kusufi da tsawon zagaye

Ɗigon da ya fi kowanne ƙasa a zane ba shi ne tsakiyar kusufi ba, domin a ƙasan kwarin haske ba ya sauyawa sosai, kuma ɗan kuskuren awo na iya jefa kowane ɗigo ƙasa. Gefen sauka da gefen hawa, inda haske ke sauyawa da sauri, su ne ke ɗauke da bayanin lokaci. Hanyar Kwee da van Woerden ta 1956 tana neman lokacin da idan aka naɗe zanen a kansa gefen biyu za su fi dacewa da juna. Har yau ana amfani da ita, sai dai an san tana ba da kiyasin kuskure ƙasa da na gaskiya, don haka yana da kyau a gwada ta da wata hanya, a kuma sauya faɗin yankin da aka zaɓa a ga yadda amsar ke motsawa.

Domin haɗa darare da yawa a zane guda, ana lissafa matakin zagaye: a cire T0 daga lokacin kowane ma'auni, a raba da P, a ɗauki abin da ya rage bayan cikakkiyar lamba. Babban kusufi zai faɗo a 0, ƙaramin kuma a 0.5. Idan ba a san P ba, manhajar VStar ko Peranso za ta nemo shi, amma akwai tarko sananne: tun da kusufin biyu na ajin EW sun yi kama, hanyar lissafi ta Lomb-Scargle, da ake neman tsawon zagaye da ita, takan ba da rabin zagayen. Su kansu Müller da Kempf, da suka gano W Ursae Majoris a 1903, awa 4 suka ba shi, alhali awa 8 ne. A riƙa ninka amsar sau biyu a sake naɗe zanen, a duba ko kwarin biyu sun bambanta a zurfi ko siffa.

Wanda ba shi da madubi zai iya yin wannan mataki da bayanan kumbon TESS, wanda aka harba a 2018, kuma yake kallon kowane yanki na sama na kimanin kwana 27. Ana samun su kyauta a rumbun bayanan falaki na intanet mai suna MAST. Sai dai kowane fiksel na TESS yana ɗaukar sakan 21 na ma'aunin kusurwa, don haka hasken maƙwabta yakan gauraya, ya rage zurfin kusufi, ko ma ya sa a jingina kusufin ga tauraron da ba shi ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ma'aunin ƙaramin madubi daga ƙasa bai rasa amfaninsa ba.

Mataki na takwas: karanta abin da tauraron ke faɗa

A cire lokacin da aka hasasa daga lokacin da aka auna, a jera sakamakon bisa E tare da na magabata, sai a samu zanen O−C, inda O ke nufin lokacin da aka auna, C kuma wanda aka hasasa. Miƙaƙƙen layi a kwance yana nufin lissafin daidai ne. Layi mai gangara yana nufin P ɗin da aka yi amfani da shi ne ke buƙatar gyara, ba tauraron ne ya sauya ba. Lanƙwasa mai siffar kwari ko tudu kuwa tana nuna cewa zagayen yana ƙaruwa ko raguwa a hankali, kuma sau da yawa ana danganta hakan da kwararar gas tsakanin tagwayen: idan daga mara nauyi zuwa mai nauyi take kwarara, zagayen yana tsawaita, idan akasin haka ne yana gajarta. Zane mai hawa da sauka a kai a kai yana iya nuna tauraro na uku da ke jan tagwayen gaba da baya, kamar yadda Algol ke da na uku mai zagayen kusan kwana 680, ko kuma sauyin maganaɗisun cikin tauraron, kamar yadda James Applegate ya bayyana a 1992. Ma'aunin shekara biyu ko uku bai isa a yanke hukunci tsakanin waɗannan ba, domin guntun igiya mai hawa da sauka yana kama da kwari.

Cewa irin waɗannan tagwaye na iya haɗewa ba hasashe ba ne kawai. V1309 Scorpii ya fashe a 2008, kuma da aka koma bayanan shekarun baya na shirin OGLE mai sa ido kan hasken taurari, sai aka ga tagwaye ne masu zagayen kusan kwana 1.4 da ya riƙa gajarta har suka zama ɗaya.

Siffar zanen hasken ita ma tana da nata bayanin. Bambancin zurfin kusufin biyu yana nuna bambancin zafin fuskokinsu. Kwari mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana nufin ɗaya ya rufe ɗayan ɗungurungum, kuma a wannan hali ne kaɗai za a iya dogara da zanen haske wajen kiyasta rabon nauyinsu. Idan tudu ɗaya ya fi ɗayan tsayi, abin da ake kira tasirin O'Connell ke nan, kuma galibi ana danganta shi da tabo masu duhu irin na rana. Manhajar PHOEBE, wadda ta samo tushe daga tsarin Wilson da Devinney na 1971, tana gina siffar tagwayen ta kwatanta ta da ma'auni, ta fitar da karkacewar zagaye da girman kowanne idan aka gwada da tazararsu. Amma nauyi da girma na haƙiƙa suna buƙatar saurin motsin taurarin daga na'urar rarraba haske. Ina kuma jan kunne a kan tabo: da tabo biyu ko uku ana iya tilasta wa kowane zane ya dace, don haka kada a ƙara shi sai ma'auni a mataci fiye da ɗaya ya goyi baya.

Mataki na tara: miƙa sakamako

AAVSO tana karɓar ma'aunin haske da lokutan kusufi, haka ma sashen taurari masu sauyawa na ƙungiyar falaki ta ƙasar Cek, wanda ke kula da rumbun O−C. Rahoton ya ƙunshi sunan tauraro, da lokacin tsakiyar kusufi tare da kiyasin kuskurensa, da bayyana ko HJD ne ko BJD, da ko babban kusufi ne ko ƙarami, da mataci, da taurarin awo da shaida, da hanyar da aka bi wajen lissafi. A adana hotuna ɗanye da na gyara da rubutun daren, domin idan wani ya yi shakkar lambar bayan shekaru, da su ne za a sake bin ta. Daga nan sai a mayar da sabon lokacin ya zama T0, a hasasa wani kusufi na bayan makonni, a fita a auna shi, sannan a duba ko bambancin da aka samu ya tsaya cikin iyakar kuskuren da aka rubuta a rahoton.